Silifas a Ƙofar Galeri

Jiya na ga hoton marigayi Baba mai zanen allunan shaguna rataye a galerin unguwarmu, New Bell, har da furanni. Na ja tsaki.

Rumfarsa mai warin fenti da kananzir ce ta haɗa mu, masu zane da makaɗa. In baƙon mai zane ya sauka, sai Baba ya kama hannunsa ya zagaya da shi yana cewa, "Ku san ɗan'uwanku."

Ranar buɗe galerin, yana da rai, ni na raka shi. Mai gadi ya dubi silifas ɗin Baba ya nemi katin gayyata ya ce, "Invitation, papa?" Haka muka juya, masu kwat suna kallo. Yau su ke kiransa ubansu!

Allah ya jiƙan Baba, ya saukar da shi inda ba a tambayar katin gayyata.