Jinin Inna Bai Kai Ba

Sai da likita ya ce kansar jini ce ke damuna na san danginmu cike suke da likitoci. Kafin sati ya zagayo, duk wanda ya taɓa haɗiyar farasitamol a gidanmu ya zama gwani a kan jini. Ni dai tela ce, shagona yana Akurba, ban san komai ba sai ɗinki, don haka na kwanta a gadon asibiti a nan Lafia ina ɗaukar darasi kyauta.

Bayanin likitan gaskiya bai da wuya. Jinina ya yi ƙasa sosai, kuma ba za a sa min zagaye na gaba na maganin kansar ba sai an ƙara min jini. In aka yi jinkiri, cutar ba za ta zauna jirana ba. Tsarin asibitin shi ne ki kawo mutum ya bayar, sannan a fito miki da ledar jini daga ma'ajiya. Maigidana ya riga ya bayar a zagayen farko, an ce ya dakata sai bayan wasu watanni. Yarana ƙanana ne. Saura dangi ke nan, kuma su Allah ya hore mana, ranar biki ko kujera ba ta isarsu.

Sun zo dubiya kuwa, ba zan yi musu ƙarya ba. Kowa ya ji an ce jini ya yi ƙasa, sai ya ɗauko abin da ya fi ja a gidansa. Zoɓo jarka-jarka, ruwan karan dafi a fulas, ganyen ugu da aka murje aka haɗa da malt da madarar gwangwani, hanta a kula. Wata gwaggona har gorar manja ta kawo. A ilimin danginmu, in dai abu ja ne, to yana shiga ciki zai nemi jijiya da kansa. Nas ta riga ta hana ni cin abin da ban san yadda aka haɗa shi ba, saboda jikina ba ya iya faɗa da ko ƙaramar cuta. Haka kayan suka taru a ƙarƙashin gadona, har ta gadon kusa da ni ta tambaye ni ko sayarwa nake.

Shugaban likitocin nan shi ne Baffa, ƙanin marigayi babana, manomin doya a Assakio. Yana da 'ya'ya maza ƙarti, kowanne in ya tsaya a ƙofa sai ɗaki ya yi duhu. Maigidana ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi masa bayani cikin ladabi, ya roƙi ko mutum biyu a cikinsu su je ɗakin gwaji.

Baffa ya gyara hula ya ce, "Ai da da hali da an yi. To lokacin huɗar doya ne, kuma namiji in aka zuƙe masa jini ba ya komawa daidai har abada. Ta dai dage da karan dafin nan, na ga ya tayar da wadda ta fi ta kwanciya."

Ƙartin suka gyaɗa kai, suka ce Allah ya ƙara sauƙi. Na ce amin. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ko ƙarfin yin fushi mai kyau ba ni da shi.

Mai jinyata Inna ce, mahaifiyata, ko da yake in ka gan mu ba za ka ce ta taɓa sanina ba. Ni ce 'yar farinta, ita kuma Bafulatana ce ta gidan da suka daɗe da ajiye sanda suka kama noma, amma ba su ajiye kunya ba. Tun ina ƙarama a hannun kakata na tashi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallona ido cikin ido, in za ta yi maganata sai ta ce "yarinyar nan". Ko a asibitin, tabarmarta tana gefen ƙafafuna, ta juya min baya. In tana so na sha magani sai ta gaya wa bango cewa lokacin magani ya yi.

Wata rana da safe na ga ta jawo jarkar zoɓo ta ɗaga sai da ta kai rabi. Ta bi da karan dafi. Ta buɗe haɗin ugu da malt, wanda na san ko warinsa ba ta so, ta toshe hanci ta shanye. Na ce a raina, madalla, dubiyar ta sami mai ita. Da nas ta zo duba ni, wata 'yar Eggon mai yawan barkwanci, na ce mata ga mai jinyata nan ta fi ni samun sauƙi.

Nas ba ta yi dariya ba. Ta sunkuyo ta ce, "Madam, Mama naka ya je lab, ɗakin gwaji, jiya fa. Ya ce a cire jini nashi a ba ka. Sun gwada, sun ce bai kai ba. Shi ne ya ce zai je ya ƙara ya dawo."

Sai a lokacin na gane dalilin shan zoɓon nan. Daga ranar Inna ta mai da ƙarƙashin gadon nan wurin aikinta. Duk abin da aka kawo sai ta ga bayansa, har hantar da haƙoranta ba sa iya taunawa. Cikinta ya ɓaci, tana ta zaryar bayi, ta dawo ta ɗora daga inda ta tsaya. Na ce mata, "Inna, ki bari, ba haka abin yake ba." Ta gaya wa bango cewa yaran yanzu sun cika surutu.

Ni kuma ina ta yin ƙasa. Tafin hannuna ya yi fari fat, in na tashi zaune sai ɗakin ya juya. Likita ya sake cewa lokaci yana tafiya, maigidana yana ta yawon roƙon abokansa na kasuwa, kowa da uzurinsa.

Ranar wata Juma'a Inna ta yi wanka, ta ɗaura zaninta na fita, ta nufi ɗakin gwaji da ƙarfinta. Ba ta daɗe ba ta dawo. Nas ɗin tana biye da ita tana lallashi: "Mama, ko ka sha zoɓo na Lafia duka, age naka ya wuce. Ba za su karɓa ba."

Daidai lokacin Baffa da ƙartinsa sun shigo dubiya bayan masallaci, ɗauke da sabuwar jarka. Baffa ya miƙa wa Inna ita yana cewa wannan ta musamman ce, an sa mata citta.

Inna ba ta karɓa ba. Matar da ban taɓa jin ta ɗaga murya a gaban ƙanin mijinta ba ta tsaya a tsakiyar ɗaki, gaban majinyata da 'yan dubiyarsu, ta ce, "Malam, na sha. Na sha duk abin da kuka kawo, bai zama jini ba. Nawa sun ƙi shi." Sai ta nuna ni da hannu, ta kira sunana, cikakkensa, yadda aka raɗa min. "'Yata ce. Ni na haife ta. Mutuwa take yi a gabanku."

Baffa ya sunkuyar da kai, ban sani ba ko don maganar ne ko don jin uwa ta kira sunan 'yar fari a bainar jama'a, wanda a wurinsa ya fi kansar girma. Babban ɗansa ya ajiye hularsa a kan gadona ya tambayi nas ina ne hanyar lab. Ƙaninsa ya bi shi. Sun bayar, sun sha lemo, sun koma gona, kuma har yau ban ji an ce doyar Assakio ta yi kuka ba.

Da la'asar aka rataya min ledar. Ina kallon jinin yana gangarowa, ina kuka, kuma ba allurar ce ta sa ni kukan ba. Inna ta koma tabarmarta ta juya baya, kunyar abin da ta yi ta hana ta ko ɗaga kai. Can sai na ji hannu ya shigo ta ƙarƙashin zanen da na rufa da shi, ya kama ƙafata. Ba ta sake ni ba har ledar ta ƙare.