Cigiyar Kunkuru

A benen da muke haya a unguwar International City, a nan ƙasar Larabawa, ƙarshen wata lokacin tashi ne. Wanda bizarsa ta ƙare sai ya fito da abin da jirgi ba zai ɗauka ba ya jingine a bakin lif: katifa, fanka, tukunyar lantarki. A nan na tsinci kunkurun, cikin kwali, da ganyen latas guda ya bushe a gefensa. Girmansa bai wuce murfin kwanon sha ba.

Na kai shi ɗaki na sa a bahon wanki. Da maigidana ya dawo daga wajen aikinsa na kago, wato tura kayan 'yan kasuwa, ya daɗe yana kallon bahon.

"Hajiya, miya za a yi?"

"Tsintuwa ce, Alhaji."

"To a mayar inda aka tsinta."

Na ce masa a Islamiyyar matan aure an koya mana cewa wanda ya ɗauki tsintuwa ta zama amana a wuyansa, sai ya yi cigiya. Ya ce malamin zobe da agogo yake nufi. Na ce malamin bai ware ba.

Turancina ba yawa, don haka na ɗauki bahon na bi ƙofa ƙofa. In an buɗe sai in ɗaga shi. Wata 'yar China ta ɗauke mu hoto. Wani dattijo ɗan Pakistan ya ba ni kokwamba. Babu wanda ya ce nasa ne. Na roƙi Alhaji shi ma ya faɗa wa 'yan kasuwarmu na Kano ranar Juma'a, tunda da yawansu a benen suke sauka. Ya dawo ya ce ya faɗa, kuma an yi dariya, kada in ƙara aikensa.

Mai kunkuru bai fito ba. Abin da cigiyar ta jawo shi ne mai gadin benen ya gane akwai ɗakin da ake kai irin waɗannan. Wata safiya ya zo da akwatin gilashi, a ciki wani ƙadangare mai ƙaya a maƙogwaro, masu shi sun tashi sun bar shi a kicin.

"Mama, shwayya, ɗan lokaci kawai," in ji shi. "Kafin a samu mai so."

Shi wannan sai an kunna masa fitila, kuma gyare yake ci, mai rai, na kanti. Alhaji ya ce a gida tsintsiya muke bin su da ita, a nan ga shi yana yi wa ɗaya cefane.

Ana haka haihuwar 'yarmu ta matso, dole in tafi Kano in zauna mata wankan jego. Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya ce ranar da na hau jirgi, ranar zai sauke su a filin rairayin da ke bayan bene, Allah da ya halicce su ya san abincinsu. Tsakiyar zafi ne, lokacin da silifa ke laushi a kan kwalta. Na san ba za su kai la'asar ba.

Mai gadin ya haɗa ni da wata 'yar Filifin a unguwar Abu Hail, mai aiki a asibitin dabbobi, wadda ke riƙe irinsu kafin su samu gida. Na hau tasi da su biyun. Falonta duk akwatunan gilashi ne, har kan firij. Ta karɓi ƙadangaren don ya fi wuyar riƙo. Kunkuru kuwa ta ce babu wuri, sai na dawo.

Na komo da bahon. Na nuna wa Alhaji inda latas yake a firij, bai juyo ba. Haka na tafi.

Sai bayan suna na iya tambayar Alhaji labarin kunkurun, a waya.

"Yana nan," ya ce.

Na bar shi ya ƙarasa da kansa. Ya ce ya ɗauko shi zai saukar, sai ya haɗu da wani abokinsa ɗan kasuwa a lif. Mutumin ya leƙa bahon ya ce, "A'a, mutumin ne? Ina zuwa haka?" Alhaji ya ce shan iska. Abokin ya raka su har ƙasa, suka tsaya a inuwa suna hira, sannan ya rako su sama.

"Kuma duk Juma'a sai sun tambaya. Ya iyali, ya mai jego, ya kunkuru. Ba zan tsaya a ƙofar masallaci in ce lafiya lau ba alhali na san inda na kai shi."

Na ce Allah ya saka da alheri.

"Bar wannan. Kokwambar da ɓawonta ake ba shi, ko sai an fere?"

Na ce a fere, a yanka ƙanana.