Guddar Nasiba

A ƙauyenmu, yamma da Hasahisa, babu mai gonar da ba ya son Nasiba ta shiga masa tsinkar auduga. Kafin wata ta cika buhu ɗaya ita ta cika biyu, ta koma gida ta toya kisra, wato gurasar dawa, ta dafa wa mijinta Jibirin gahawa.

Ta ɗan haura arba'in gajiya ta kama ta. Takan tashi da safe kamar an yi mata duka. Ana tsananin zafi, ita tana jin sanyi. Gashinta ya soma zuba, murya ta dishe, gaban wuya ya kumbura. Abokan tsinkarta suka ce ƙiba ce ta kawo mata ƙyuya. Ta ji, ta ci gaba da tsinkarta.

Shekara biyu tana haka kafin 'yarta Sabah ta kai ta asibiti a Madani. Aka ɗibi jini, aka tsira mata siririyar allura a wuya. Likitar ta yi bayani da Larabci. Nasiba ta gane, amma ta ce Sabah ta maimaita mata da Hausa.

"Inna, akwai wata 'yar tsoka a maƙogwaro, gudda, ita ke ba jiki kuzari. Fararen ƙwayoyin jininki, masu yaƙar cuta, su ne suka taru a cikinta suna cinye ta."

"Nawa na kaina? To, mi na yi musu?"

"Ba ki yi komi ba. Kuskure suka yi, kuma ba su dainawa."

Aka ba ta ƙwaya ɗaya kullum kafin karin kumallo, har iyakar rayuwa. Cikin wata uku ta dawo kusan yadda take. Ta yi shekara shida a haka.

Sai yaƙi ya iso yankinmu na Jazira. Ita da Jibirin suka hau lori zuwa Damazin wurin wanta Mato, da kwalin magani ɗaya a ɗaure a bakin mayafi. Ta riƙa raba ƙwayar biyu da reza, daga baya huɗu, har ta ƙare. Jibirin ya bi shagunan magani ɗaya bayan ɗaya, kullum amsar "mafi", wato babu. Fuskarta ta kumbura. Ana magana da ita sai ka ga ta yi barci a zaune.

Wata biyar suka wuce kafin wani direba ya kawo maganin daga gabas. Ta farfaɗo, amma ba duka ba.

Da hanya ta buɗe, Jibirin ya ce su koma su ga abin da ya rage na gidansu. Nasiba ta ce masa:

"Malam, tafi ka gano mana. Ni ba ni iya hawan lori kuma."

Ya tafi shi kaɗai. Ita tana nan gidan Mato, tana yanka kuɓewa tana shanyawa, ranar da hannu ya yarda.