Ranar da Yaya Ya Zaɓi Ƙarfe

Lambunmu yana cikin fadamar da ke tsakanin Makarfi da Kudan, kuma duk wanda ya san albasa a yankin ya san shi. Ba don girma ba, don ƙasarsa. Asalin wurin burji ne, jar ƙasa mai tsakuwa wadda ko tafasa sai ta yi shawara kafin ta fito. Babanmu ne ya shekara ashirin da wani abu yana zuba mata taki da toka da shara, har ta yi baƙi ta yi laushi. Amma baƙin nan taƙi ɗaya ne kacal. Ni na san haka, don ni nake riƙe da fartanya tare da shi. In ka zurfafa sara ya wuce taƙi, ja za ka gani.

A zamanin Turawa ne, ina sabon aure, aka kawo wata 'yar tarakta ƙasarmu. Malamin gona ya bi ƙauyuka yana cewa mai so a gyara masa lambu kafin dashe ya yi magana. Yayana ya yi magana. Shi dama magana ce sana'arsa. Ya yi shekara biyu a Zariya yana gadin wani kanti, ya dawo da takalmi sau-ciki da kuma tabbacin cewa duk abin da muke yi a ƙauye jahilci ne. Bai taɓa tsayawa kan jigon ban-ruwa ya ɗebo guga goma a jere ba, amma in ana hirar noma a ƙofar gida muryarsa ce a sama.

Baba bai so ba, bai kuma hana ba. Abin da ya ce shi ne a farfasa hoge, wato manyan curin ƙasa, a baje ta ta yi sumul, mu ja fangalin ban-ruwa mu dasa. Ranar da taraktar ta zo kuwa ya tafi ta'aziyya Gubuchi tun da sassafe, ya bar lambu a hannun babban ɗansa, kamar yadda aka saba.

Direban wani dattijo ne mutumin Ikara, mai haƙuri. Ya zo da ƙarafa uku a cikin 'yar tirela. Ɗaya mai haƙora ne kamar matsefi, yana karce sama-sama. Ɗaya shafaffe ne kamar ƙyauren ɗaki, ana jan sa ya daidaita ƙasa. Na ukun garma ce mai manyan faya-fayai, kowane ya kusa kai faifan tankaɗe biyu, nauyinta sai mutum huɗu.

Kafin a sauke su rabin ƙauye ya hallara. Masu rake sun bar rakensu, Fulanin da ke mashaya sun tsaya da shanu. Yaya ya shigo fadama da takalminsa sau-ciki, yana ɗaga ƙafa kamar kaza a cikin ruwa. Ya zagaya ƙarafan nan yana taɓawa yana jinjinawa, sai ka ce ragon layya ya zo saye.

Direba ya durƙusa ya damƙi ƙasa ya murza, ya ce, "Malam, wannan ƙasa ba ta son wahala. Mai haƙoran nan ya ishe ta, in na gama in bi da shafaffen."

Yaya ya dubi jama'a kafin ya dubi ƙarfen. Ya ce, "Wannan ɗan tsintsiyar? Haba dattijo. A kawo mota tun daga nesa don ta yi mana susa? Ɗaura babban."

"Babban yana nutsewa, Malam. Kamu guda yake shiga."

"To ai shi muke so. Mu ba ƙananan mutane ba ne."

Wasu suka yi dariya, wasu suka ce madalla. Direba ya waiwayo ya dube ni, don ya ga kantar fartanya da ke tafin hannuna, ya san wane ne mai aikin. Ni kuwa na sunkuyar da kai. A gidanmu ƙane ba ya gyara wa wa magana a gaban mutane. Na ce a raina in an watse zan ja shi gefe. Wa zai watse ana kallon tarakta?

Bi ɗaya ta yi na ga jan ya fito. Faya-fayan nan suna kifar da baƙar ƙasa ƙasa, suna ɗago burji sama, yara suna bin bayanta suna ihu. Yaya yana tsaye a kan tudu ya riƙe ƙugu, yana cewa, "Kun ga aiki! Kun ga abin da ake kira noma!" Har yau in na tuna fuskarsa a lokacin nan raina yana tashi. Kafin azahar lambun duka ya koma ja, ya yi lumui, gwanin kyau ga wanda bai san komai ba.

Bayan la'asar Baba ya dawo, bai ko biya gida ba. Ya tsaya a bakin lambu ya daɗe. Sannan ya shiga tsakiya, ya tsuguna ya tona da hannu har gwiwar hannunsa ta nutse kafin ya taɓo baƙi. Yaya ya matso yana ba shi labarin yadda ake yi a Zariya. Baba ko kallonsa bai yi ba. Ni ya kira.

"Kana nan aka yi wannan?"

Na ce, "Ina nan, Baba."

"Shi bai sani ba. Kai fa?"

Na ce, "Baba, Yaya ne babba."

Ya kakkaɓe hannunsa a jikin riga, ya ce, "Ƙasar da kuka binne ma ai ta girme ka, ba ka ji kunyarta ba."

Albasar da muka dasa a shekarar ba ta wuce girman goro ba. Yaya ya ce irin ne ba shi da kyau, ya tattara ya koma Zariya. Baba ya ƙara shekara huɗu a duniya, bai sake taka lambun ba, bai kuma sake tambayata yadda yake ba.