Siririn Bututu

Katangar gidanmu a Illela ita ce bayan rumfar wani tsoho mai walda, kuma akwai wani ɗan tsagi a jikinta daidai inda nake wanke-wanke. Ta nan na gane cewa mota ma tana da maƙogwaro. Salansa ake ce masa, wato bututun da hayaƙi ke fita ta cikinsa. Ni ban yi boko mai nisa ba, amma ina da ido da kunne. Na ga tsohon nan yana yanke tulun da ke tsakiyar salansa, sai motar da ta shigo tana raɗa ta fita tana ruri. Na ga ya liƙa bututu mai faɗi, murya ta yi kauri ta sauka ƙasa kamar ta bijimi. In ya sa siriri, sai ta haye sama ta yi tsini. Ƙarfe ne fa kawai da hayaƙi! Sau da yawa nakan tsaya da kwano a hannu ina cewa ikon Allah.

Maigidana direba ne, yana ɗaukar fasinja tsakanin Illela da Sakkwato. Su direbobin tasha kowa da muryar da yake so a san shi da ita, kuma duk mai kauri suke so.

A lokacin ɗiyata ta fara zama. Ta yi wani zazzaɓi mai zafi, ta warke, amma sai na lura ta daina waigowa. In na yi mata tafi daga baya, shiru. Na taɓa sakin murfin tukunya da gangan, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ɗiyar fari ce, ko sunanta ba na faɗi, balle in tsaya gaban uwar mijina in nuna damuwa a kanta. Da na ɗan gwada zancen a kaikaice, Inna, uwar mijin nawa, ta ce, "Ke, ɗiyar ga haƙuri gare ta, gidanmu ta biyo." Na sunkuyar da kai. Amma ni na tashi tare da wata gwaggona kurma, na san yadda wannan shirun yake.

Rannan salansar maigida ta fashe a hanyar Gidan Katta, ya lallaɓo da motar rumfar tsoho da hantsi. Ina jin su ta katanga.

"Direba, wace murya kaka so?"

"Baba, irin wadda in na taso daga garin Araba za a ji ni kasuwa."

"Kai dai ka cika son a sani. Motar taka ko tsawon akuya ba ta kai ba."

Aka yi dariya, aka sa mai faɗi. Da ya tada motar ya taka, wallahi sai da na ji abin a ƙirjina da tafin ƙafata. Ruwan randa ya yi ta rawa, kaji suka watse. Ɗiyar tana bayana, sai na ji ta zabura ta riƙe rigata.

Na kusa yin guɗa. Sai na tuna gwaggo. Ita ce takan riga kowa sanin babbar mota na tafe, don takan dafa bango ta ji ta a hannu. Abin da ya kaɗa ruwan randa, ai ko kurma zai ji shi a jiki. Murnata ta koma ciki.

Da maigida ya shigo cin abinci, na jira Inna ta shiga salla, na durƙusa kusa da shi na faɗa masa komai, ban ɗaga kai ba.

"To mi kika so a yi?"

"A cire wanga bututu, a sa siriri. Ka tafi can nesa, inda ƙasa ba ta motsi, ka taka."

"Siriri? Na baburan 'yan kabu-kabu? Ke kin san abin da za su yi min tasha?"

Ya dubi ɗiyar tana wasa da ludayi, ya kira ta da ƙarfi. Ba ta ɗago ba. Ya ajiye lomar da ke hannunsa, ya wanke hannu ya fita.

Na ji tsoho yana cewa, "Yanzu munka gama, ka ce a yanke? Lafiya kake?" Maigida ya yi magana ƙasa-ƙasa. Daga nan ban sake jin raha ba, sai ƙarar zarto.

Bayan la'asar na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na zaunar da ita tana fuskantar ɗaki, bayanta ga hanya. Na koma gefen randa na buɗe ta, ido ɗaya kan ruwa, ɗaya kan ƙeyar ɗiyata. Inna tana tsince wake, ba ta san abin da ake ciki ba.

Can sai ga ta. Wata murya siririya daga wajen gonaki, tana hawa tana hawa, kamar zare ake ja daga sama. Na duba ruwa: a kwance yake, ko gezau. Na duba ɗiyar. Ludayin ya tsaya a hannunta. Ta karkata kai, ta juya hagu ba ta samu ba, sannan a hankali ta juyo dama, ta buɗe baki tana neman abin a saman katanga.

Ban san lokacin da na kira sunanta ba, da ƙarfi, a gaban uwar mijina. Inna ta saki faifai, ta dube ni, ta dubi ɗiyar, ta ce, "Ashe abin da ke cin ki ke nan. Gobe sai asibiti."

A can suka ce kunnen hagu ya taɓu, na dama yana nan, suka ba mu magani.

Maigida bai cire bututun ba. A tasha Sauro suke kiransa har yau, yana amsawa. Da yamma in ya kusa, ina tsakar gida ban ji komai ba tukuna, sai in ga ta juya kunnen dama wajen ƙofa.