Ranar da Tattabaruna Suka Ɓata Hanya

Mai gidana fataucin hatsi yake yi. Duk sanda zai tafi ƙauye yakan ɗauki tattabaru uku a akurki, in ya sauka lafiya ya sake su. Kafin azahar sai in ji fukafukansu a kan soronmu a Mandawari, in san ya isa. Da ya rasu, babban ɗanmu ya gaji sana'ar, na ce har tattabarun zai gada. Yana da waya, amma ni waya ba ta taɓa kwantar min da hankali ba.

Wata Asabar da bazara ya tafi can bayan Bichi. Azahar ta yi, babu su. La'asar, babu. Na sa aka kira shi.

"Inna, tun hantsi na sake su, da hannuna."

Shekara talatin ba su taɓa ɓata ba. Shaho ɗaya yake ɗauka, ba uku ba. Na ce wannan aikin mutum ne.

Katanga ɗaya ta raba mu da maƙwabciyata. Ta girme ni, Yaya nake ce mata, ita ta yi min wankan jegon fari. A lokacin tana kwance, ciwo ya cinye ta. Washegari na leƙa kwatar gidanta, na ga gashin tattabara, toka-toka irin na tattabaruna. Ni ba abin da ke wuce idona a lungun nan, kuma ina alfahari da haka.

Na yafa mayafi na shiga. Tana kan tabarma da kwanon romo a gabanta, surukanta biyu na zaune.

"Yaya, da kin roƙa ai da na ba ki. Sata da furfura?"

Ta ajiye cokali, ta daɗe tana kallona.

"A kasuwa aka sayo min. Amma tunda kin gani da idonki, shi ke nan. Gaishe da gida."

Kwana biyar bayan haka ɗaya daga cikin tattabarun ta sauko kan soro, ƙashin ƙirjinta a waje, ta sha ruwa kamar ba za ta daina ba. Da zaren da na ɗaura mata a ƙafa. Ranar 'yata da ke koyarwa a makarantar 'yan mata ta zo gaishe ni, na nuna mata.

"Inna, wace rana aka sake su?"

Na faɗa mata. Ta ce a kwanakin nan rana ta yi wata irin guguwa, har a rediyo an faɗa. Wai ranar kan yi aman wuta, abin ya taho ya bugi duniya. Ita kuma ƙasa tana da maganaɗisu a jikinta, kamar wanda tela ke tsintar allura da shi, ya lulluɓe ta gaba ɗaya. Masu bincike na ganin da shi tattabara ke gane gida daga nesa. In guguwar ta girgiza shi, sai hanya ta rikice mata.

"Ni ban ga guguwa ba. Ko ganye bai motsa ba."

"Ba a ganinta, Inna."

Ban san ko shi ne ya ɓatar da su ba. Abin da na sani, tsuntsuwar da na ce an cinye tana gabana tana tsattsagar gero.

Na ce gobe zan shiga wurin Yaya in ba ta haƙuri. Goben ta zo na ce sai surukan sun fita, don ba zan sunkuyar da kai a gaban yara ba. Ina nan ina jira aka zo da mota aka kai ta asibiti. Kwana huɗu aka dawo da ita a naɗe.

Na shiga wankan gawa, babbar surukar ta tare ƙofa.

"Hajiya, an samu masu yi. Ki zauna a waje."

Na zauna a waje.

Sauran tattabaru biyun ba su dawo ba. Ɗana har yau yana tafiya da akurki, ni kuma ina hawa soro in jira. Daga can ana hango tsakar gidan Yaya, sai nake juya mata baya in fuskanci Ƙofar Dawanau.