Kirarin Bahago a Filin Tanis

Duk wanda ya saba sayen nama a kasuwar Daura ya san rumfar Sada Bahago, dattijon nan mai faɗin kafaɗa da ke sara da hagu, ya miƙo maka da dama don kada ka ce ya raina ka. Asalinsa mutumin Baure ne. A ƙuruciyarsa ɗan dambe ne, irin waɗanda da an gama girbi sai su cusa zaren naɗe hannu a jaka su shiga ƙauyuka, yau garin Babban Mutum, gobe tsallaken iyaka cikin Nijar. Bai yi sunan da za a faɗe shi a rediyo ba. Ya kayar, an kayar da shi, ya sha dawowa gida da kumburarren ido da kyautar sandar sabulu, kuma har yau idan ya ji kalangu daga nesa sai wuƙa ta tsaya a hannunsa.

Ɗansa na fari, Kalilu, wanda Sada ba ya kiran sunansa saboda kara, sai dai ya ce "wancan na Ingila", boko ya yi har ya zama mai haɗa magunguna a can. Yaro ne mai biyayya, ba a taɓa jin ya ɗaga wa ubansa murya ba. Sai dai tun yana sakandare, idan aka tambaye shi sana'ar mahaifinsa, cewa yake yi ɗan kasuwa ne. Fawa ba ta fita daga bakinsa, balle dambe. Maganar ta dawo kunnen Sada, ta yi masa ciwo ƙwarai, ya haɗiye ta bai faɗa wa kowa ba.

A can Ingila aka haifi jikansa Sabiru, kuma Allah cikin ikonsa ya fito da shi bahago. Ya tashi yana buga ƙwallon tanis, har ya mayar da ita sana'a ƙarƙashin tutar Birtaniya. Kada mai karatu ya ɗauka irin waɗanda ake nunawa a talabijin ne ana ta tafi. Ƙananan gasa yake zuwa, wannan makon Tunisiya, na gaba Masar ko Turkiyya, inda ɗan wasa ke ɗaukar jakarsa da kansa. Matsayinsa a duniya yana can wajen ɗari bakwai da wani abu, ya hau kaɗan, ya zame kaɗan.

Murjanatu, ƙanwar Kalilu, malamar firamare ce. Ita ta gano inda ake sa sakamakon wasannin Sabiru a waya, kullum kuma idan ta tashi daga makaranta sai ta biyo ta rumfa ta karanta wa ubanta. Ran nan ya leƙa ya ga wasu sunaye da tuta irin ta Sabiru, ya tambaya su wane ne. Ta ce su ma ƴan Birtaniya ne. Ya ce, "To ai ɓangarenmu ke nan. Karanto su duka."

Daga ranar ya ɗauke su gaba ɗaya kamar yaran gidansa. Sunayensu sun fi ƙarfin harshensa, sai ya raɗa musu nasa: akwai Dogon Yaro, akwai Jan Kunne, akwai wata da yake kira Ta-ƙi-zama, don ba ta mako biyu a ƙasa ɗaya. Ya san wanda gwiwa ke damu, ya san wanda ya fice a zagayen farko sau uku a jere bai koma gida ba. Mahautan da ke kusa suka samu abin tsokana.

"Baba Sada, yau Turawanka sun ci, ko an cinye su?"

"An kashe Jan Kunne a Masar," in ji shi, da yaren dambe, inda kisa ke nufin kayarwa. "Amma zai tashi. Ku da kuke kallon manya a gidan kallo ba ku san wasa ba. Wasa yana wurin wanda aka kayar ranar Talata babu mai kallo, ya ɗaure kayansa ya nufi wani garin."

Su yi dariya, shi ko a jikinsa. Ya san abin da yake faɗa, don rayuwarsa ce yake gani a cikin wayar nan, an dai canza mata tufafi.

Sai ga labari cewa za a yi irin wannan gasa a Abuja, kuma Sabiru yana ciki. Rabon Sada da jikansa tun yaron yana rarrafe. Ya sa aka wanke masa babbar riga, ya kuma fara zancen nemo tsohon makaɗinsa, don a saninsa ba a shiga fage babu kiɗa, sai maraya. Kafin ya aika, waya ta shigo daga Ingila. Bayan doguwar gaisuwa Kalilu ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya sauka.

"Baba, wasan nan ba kamar namu ba ne. Shiru ake yi. Don Allah in an je, a zauna kawai a yi kallo. Akwai abokan wasansa a wurin."

Sada ya gane abin da ba a faɗa ba. Ya ce, "Na ji. Ba zan ba ku kunya ba." Ya ajiye wayar, ya daɗe yana goge wuƙar da ba ta da datti. Abin da yake tsoro ke nan tun da daɗewa, cewa jininsa da ke can kallon abin kunya suke yi masa, kuma jikan ma haka aka koya masa.

Shi da Murjanatu suka tafi. Motarsu ta ɓata lokaci a hanya, suka isa har an fara, babu damar gaisawa. Filin ya ba shi mamaki: kujeru fayau, ƴan kallo ba su cika motar haya ba, alƙali yana can bisa kujera mai tsani. Ga Sabiru, dogo siriri, yana dukan ƙwallo da hagu, kafaɗar nan sak ta gidansu. Sada ya jefa goro a baki ya danne harshensa.

Aka cinye yaron a turmin farko. A na biyu ma abokin karawarsa ya fara tsere masa. Da aka ba su hutun shan ruwa, Sabiru ya zauna ya lulluɓe kansa da tawul, kafaɗunsa suka zube. Sada ya san wannan zaman. Zaman wanda ya riga ya faɗi a zuci ne, ƙasa kawai yake jira. Ya duba hagu, ya duba dama, babu mai cewa uffan. Murjanatu ta kama bakin rigarsa ta ce, "Baba, ka yi alkawari." Amma ya riga ya miƙe.

"Sai kai Bahago, hannun da ba a gaisawa da shi! Gatari ba ka tambayar sunan itace! Ɗan mahauta, ƙasa ba gadonka ba ce, tashi ka karkaɗe!"

Muryar ta cika filin har ta dawo. Alƙali ya juyo ya yi magana da Turanci cikin lasifika, wani mai gadi ya taso. Sada bai ga ko ɗayansu ba, jikansa kawai yake kallo, gabansa na faɗuwa yadda bai taɓa faɗuwa a gaban wani ɗan dambe ba. Sabiru ya yaye tawul ɗin, ya dubi tsohon, ya dubi gwaggonsa. Sai ya je gindin kujerar alƙali ya faɗi wata magana yana nuna ƙirjinsa.

"Me ya ce?" in ji Sada.

Murjanatu ta share ido. "Cewa ya yi kakansa ne, a ƙyale shi."

Turmi na biyu Sabiru ya ƙwace shi da ƙyar. Na uku aka yi ta ja har rana ta karkata, daga ƙarshe aka kayar da Sabiru. Ko jakarsa bai ɗauka ba ya hauro, ya durƙusa yana haki, ya yi gaisuwa da Hausarsa da ba ta wuce "sannu" da "lafiya lau" ba. Ya kama hannun hagun kakansa yana juya shi, yana duban ƙullin yatsun da zare ya ci. Murjanatu ta yi masa bayani da Turanci. Nan take ya ciro waya ya kira ubansa ta bidiyo, fuska da fuska, yana ta zuba magana cikin zumuɗi, sannan ya miƙa wa tsohon.

Sada ya karɓa ya riga Kalilu magana. "Na karya alkawari."

Kalilu ya ce, "Wane kirari ka yi masa, Baba? Naka?"

"Nawa."

Sai ga muryar mai haɗa magunguna daga Ingila, ƙasa-ƙasa, ta ɗauko kirarin daga farko, ta wuce inda Sada ya tsaya, ta shiga sauran da ba a sake faɗa ba tun Kalilu yana riƙe wa ubansa ruwa a bakin fage. Sada ya saurara har ƙarshe. Ya kau da fuska gefe, don ba a yi wa ɗan fari hawaye a gaban mutane.

"Ka tsallake wuri ɗaya," in ji shi. "Sake daga farko, yaron nan yana ji."